Me Ya Raba Cocin Kiristoci Gida-Gida?

Wadda ke ɗinkin hula ta ci gaba da ɗinkinta, wadda ke suyar ƙuli-ƙuli ta rage wuta kaɗan, ta ba ni aron kunnuwanta.

Wata baiwar Allah ce daga Rimin Gado ta sa ɗanta ya rubuto mana wasiƙa. Ta ce ta yi jinyar surukarta a wani asibiti a cikin Kano, suka haɗu a ɗaki ɗaya da wasu mata biyu Kiristoci, dukansu Hausa ce a bakinsu tar. Suka saba, har suna cin abinci a kwano ɗaya. Ranar Lahadi sai ta ga kowacce ta kama hanyarta daban. Ɗaya ta ce ita 'yar Katolika ce, tana da carbi a jakarta, limaminsu kuma ba ya aure. Ɗayar ta ce ita 'yar ECWA ce, ba ruwanta da carbi, matar fastonsu ma ƙawarta ce. Shi ne take tambaya, ashe ba duk ɗaya suke ba? Me ya raba su?

To 'yar uwa, kin yi tambaya mai kyau, matambayi kuwa ba ya ɓata. Amsarki tana cikin tarihi, tarihi mai nisa, na shekara kusan 2000. Amma kafin mu shiga, bari mu ajiye magana ɗaya a wurinta. Mu Musulmi mun yi imani Annabi Isa ɗan Maryam (AS) bawan Allah ne kuma ManzonSa, ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, Allah ne ya ɗauke shi. Su kuma Kiristoci sun yi imani an gicciye shi, ya tashi a rana ta uku, suna kuma kiransa Ɗan Allah. Wannan bambanci yana nan, kowa ya san nasa. Abin da ya tara mu yau shi ne mu san yadda mutanen da muke zaune tare da su a ƙasa ɗaya suka kasu, don idan ɗanki ya dawo daga makaranta da irin wannan tambaya, ya samu amsa ta sani daga bakin uwarsa.

Mu faro daga tushe. Mabiyan farko Yahudawa ne, a birnin Ƙudus. Ba su da ginin coci ko ɗaya. A cikin gidaje suke taruwa, su yi addu'a, su ci abinci tare. A birnin Antakiya, wanda yau yake cikin ƙasar Turkiyya, aka fara kiransu da sunan Kirista. Wani mutum mai suna Bulus, wanda da farko yake tsananta musu, daga baya ya shiga cikinsu, shi ne ya fi kowa yawo da addinin zuwa garuruwan Girkawa da Rumawa. Tun a lokacin aka fara gardama: wanda ba Bayahude ba ne, idan ya shiga, dole ne sai an yi masa kaciya ya bi dokokin abinci na Attaura? Ra'ayin Bulus cewa ba dole ba ne shi ya yi rinjaye, shi ya sa addinin ya bazu cikin wasu al'ummai da sauri.

Da yake a gida ake taruwa, kin ga ke nan matan gida na da babban matsayi. Littafinsu ya ambaci wata mata mai suna Lidiya, 'yar kasuwa ce mai sayar da rinannen tufafi masu tsada, kamar dai a ce mai sayar da kayan da aka rino a marinar Ƙofar Mata. Ita ce ta sauki Bulus da abokan tafiyarsa a birnin Filibi, gidanta ya zama wurin haɗuwar mabiya.

Daular Rumawa ba ta yi na'am da su ba, saboda sun ƙi yin hadaya ga gumakan daula da kuma sarki. A shekara ta 64 Miladiyya gobara ta cinye babban ɓangare na birnin Rum, Sarki Nero ya ɗora musu laifi, aka kashe da yawa. A shekara ta 203, a birnin Kartaj da ke ƙasar Tunisiya ta yau, aka kama wata matashiya mai suna Fafetuwa, 'yar shekara 22, tana goyon jariri, tare da wata baiwa mai suna Filisita, mai tsohon ciki. Mahaifin Fafetuwa ya yi ta roƙonta ta yi hadayar ta tsira, ta ƙi. Filisita ta haihu a kurkuku, bayan 'yan kwanaki aka fito da su filin wasa gaban jama'a, aka sako musu dabba, sannan aka ƙarasa su da takobi. Har yau Katolika na tunawa da su kowace shekara. Na kawo wannan ne don ki gane cewa addinin ya yi ƙarfi a nahiyarmu ta Afirka tun kafin yawancin Turawan arewa su san da shi.

Sai abubuwa suka juya. A shekara ta 313 Sarki Kustantin ya ba Kiristoci 'yancin yin addininsu, kusan shekara 700 ke nan kafin Bagauda ya zo Kano. A 380 kuma Sarki Tiyodosiyus ya mai da shi addinin daula. Waɗanda jiya suke ɓuya a ɗaka, yau ga su da manyan gine-gine, da filaye, da kujera kusa da sarki. To daga nan ne fa saɓanin da ke tsakanin malamansu ya zama maganar gwamnati.

Babbar gardamar a kan Annabi Isa (AS) kansa take. Wani limami a birnin Iskandariyya ta Masar mai suna Ariyus ya ce Almasihu halitta ne, akwai lokacin da babu shi, don haka ba daidai yake da Allah ba. Kada ki ɗauka aƙidarsa irin tamu ce sak, don shi ma yana kiransa Ɗa. Wasu malaman, da Atanasiyus a gaba, suka ce a'a, zatinsu ɗaya ne. Sarki Kustantin ya ga rigimar za ta raba masa ƙasa, sai ya tara bishop-bishop kusan 300 a garin Nikiya a shekara ta 325. Bishop shi ne babban limamin da ke shugabantar cocin yanki guda. Taron ya ƙi ra'ayin Ariyus, ya rubuta kalmomin imani waɗanda har yau ake karantawa a coci-coci da yawa.

Bayan shekara 126, a 451, aka sake wani taro a garin Kalsidon. Wannan karon tambayar ita ce: tun da sun ce shi Allah ne kuma mutum ne, yaya abin ya haɗu? Taron ya ce ɗabi'a biyu ce a jikin mutum ɗaya. Kiristocin Masar, wato Ƙibɗawa, da na Habasha, da na Armeniya, da wani sashe na mutanen Sham suka ce ɗabi'a ɗaya ce haɗaɗɗiya. Suka ware, suka ci gaba da shugabanninsu. Wannan ita ce babbar tsaga ta farko da za ki riƙe. Har yanzu Ƙibɗawan Masar suna da nasu Fafaroma daban, mutanen Habasha kuma ranar 7 ga Janairu suke bikin Kirsimeti.

Waɗannan da suka ware, 'yar uwa, ai kin san su a karatun Sira, sai dai wataƙila ba a taɓa haɗa miki zaren ba. Ƙasar Habasha ta karɓi Kiristanci tun ƙarni na 4, zamanin wani sarki mai suna Ezana. Lokacin da Ƙuraishawa suka matsa wa Musulmi a Makka, wajen shekara ta 615, wurin Najjashi sarkin Habasha Manzon Allah (SAW) ya tura su, ya kuma karɓe su ya ƙi miƙa su ga masu neman a dawo da su. Cikin masu hijirar akwai iyayenmu Nana Ummu Salama da Nana Ummu Habiba, Allah ya ƙara musu yarda. Su ne ma suka ba Annabi (SAW) labarin wani coci da suka gani a can mai hotuna a ciki, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim. Nana Mariya, mahaifiyar Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW), daga cikin Ƙibɗawan Masar ta fito. Ki riƙe maganar hotunan nan, za mu dawo kanta.

Tsaga ta biyu tsakanin gabas da yamma ta faru. Daular Rumawa ta kasu biyu. A yamma akwai birnin Rum, inda ake ibada da harshen Latin, shugaba kuma shi ne Fafaroma. A gabas akwai birnin Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau, inda ake ibada da Girkanci. Fafaroma ya ce shi ne magajin Bitrus babban almajiri, don haka ikonsa ya hau kan kowane coci a duniya. Na gabas suka ce mun yarda kai ne babban yaya, amma kowane gida da maigidansa. Ga kuma wasu ƙananan abubuwa da suka taru suka yi yawa. Na yamma sun ƙara wata kalma a cikin kalmomin imanin nan ba tare da shawarar na gabas ba. Na gabas suna barin mai aure ya zama limami, na yamma suna hanawa. Har gurasar da ake ci a wurin ibada sai da aka yi musu a kanta, mai yisti ko marar yisti. A shekara ta 1054, lokacin da bisa lissafin tarihin Kano Bagauda ke kan mulki, wakilan Fafaroma da shugaban cocin Kustantiniyya suka yi wa juna korar kare. Abin ya ƙara lalacewa a 1204, sa'ad da mayaƙan yamma da suka fito da niyyar yaƙar Musulmi suka juya suka wawashe Kustantiniyya, birnin 'yan uwansu Kiristoci. Na yamma su ne Katolika. Na gabas su ne ake kira Otodoks, su ne suka fi yawa a Rasha da Girka.

Yanzu mun iso kan wadda ta fi shafar tambayarki, tsaga ta uku, wadda ta faru a cikin gidan Katolika.

A wancan zamani Fafaroma ya zama tamkar sarki, yana da ƙasa da sojoji da haraji. Ana sayen muƙamin bishop da kuɗi. Ibada da littafi duk da Latin ne, talaka manomi ba ya jin ko kalma ɗaya. Wasu malamai sun yi ƙorafi tun da wuri. John Wikilif a Ingila ya nemi a fassara littafin zuwa harshen mutane. Jan Hus a ƙasar Cek ya bi sahunsa, aka ƙone shi da ransa a shekara ta 1415. Amma wajen 1450 wani Bajamushe mai suna Gutenbag ya ƙera injin buga littafi. Abin da a da sai marubuci ya shafe watanni yana kwafa da hannu, yanzu cikin 'yan kwanaki an buga ɗaruruwa.

Abin da ya fasa ƙwan shi ne takardar sassauci. Katolika sun yi imani cewa bayan mutuwa akwai wani matsayi da ake tsarkake mai imani daga ragowar zunubinsa kafin ya shiga aljanna, kuma coci na da ikon rage masa wannan zama. Fafaroma Leo na 10 yana neman kuɗin gina babban cocin Bitrus a Rum, sai aka baza masu wa'azi suna sayar da takardun. Wani mai suna Tetzel ya zagaya garuruwan Jamus yana gaya wa mutane su biya don su fitar da iyayensu da suka mutu daga wahala. Ki yi tunanin matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, an ce mata kuɗin hatsin da ta ɓoye shi zai sauƙaƙa wa mamacin. Wace ce za ta iya riƙe hannunta?

Wani malamin jami'a a garin Wittenberg, mai suna Martin Luta, shi ma limamin Katolika ne, ya ga mutanensa na zuwa da waɗannan takardu suna ganin sun gama da tuba. A ranar 31 ga Oktoba, 1517, ya fitar da batutuwa 95 yana ƙalubalantar wannan ciniki. A lokacin Muhammadu Kisoki, jikan Muhammadu Rumfa, ke sarautar Kano. Injin buga littafi ya ɗauki takardar, cikin 'yan makonni ta karaɗe Jamus. Luta bai fito da niyyar kafa sabon coci ba, gyara ya nema. Amma da aka matsa masa ya janye, sai ya ƙara gaba. Ya ce da bangaskiya kaɗai mutum ke samun tsira, ba da aikinsa ko kuɗinsa ba. Ya ce littafi kaɗai ne hujja, Fafaroma da taron malamai duk suna iya kuskure. Ya ce kowane mai bi na iya fuskantar Ubangijinsa ba sai ta hannun limami ba. A farkon 1521 Fafaroma ya kore shi daga coci. A wannan shekarar aka gurfanar da shi gaban Sarki Charles na 5 a garin Worms, ya ƙi janyewa. Da ba don sarkin yankinsu ya ɓoye shi a wani gidan sarauta ba, da ya bi Hus. A maɓoyar tasa ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci, aka buga a 1522, cikakken littafin kuma a 1534.

Ga inda maganar matar fasto ta samo asali. A Katolika akwai matan da ke barin aure su keɓe kansu don ibada, waɗanda muke kira sista. Wata daga cikinsu, Katarina, da aka kai gidan keɓewa tun tana yarinya, ta gudu tare da wasu 'yan uwanta a 1523. A 1525 Luta ya aure ta, suka haifi 'ya'ya 6. Ita ce ta riƙe gidan, tana noma, tana kiwo, tana ciyar da ɗalibai da baƙi, don shi malam ba ya iya riƙe kuɗi. Daga wannan gida ne auren fasto ya zama al'ada. A 1529 wasu sarakunan Jamus masu goyon bayan Luta suka rubuta takardar ƙin amincewa da hukuncin majalisar daula, daga nan aka laƙaba musu sunan Furotesta, wato masu ƙin yarda.

To amma tun da an ce littafi kaɗai ne hujja, kuma kowa na iya karantawa, sai fahimta ta bambanta. A ƙasar Suwizalan, Zwingli a birnin Zurich da John Kalbin a birnin Janiba suka fi Luta tsanani. Kin tuna maganar hotuna? Tun tsakanin 726 da 843 Kiristocin gabas suka yi ta rikici a kanta, masu son hotuna suka yi nasara. Mabiyan Zwingli da Kalbin kuwa suka kwashe hotuna da mutum-mutumi daga coci-cocinsu, suka bar bango fari da mumbari. Wasu kuma suka ce ba a yi wa jariri baftisma, wato wankan shiga addini, sai ya girma ya zaɓa da kansa. Waɗannan sun sha wuya a hannun Katolika da Furotesta duka.

Ta Ingila kuwa, maganar aure ce ta jawo ta. Sarki Henri na 8 yana son ɗa namiji mai gado, matarsa kuma 'ya mace ɗaya ce ta rayu a cikin abin da ta haifa. Addininsu bai yarda da kishiya ba, bai kuma yarda da saki ba. Ya nemi Fafaroma ya warware auren, Fafaroma ya ƙi. A 1534 majalisar ƙasar ta ayyana sarki a matsayin shugaban cocin Ingila. Wannan shi ne asalin Angilika, wanda ya riƙe bishop-bishop da wasu tsare-tsaren Katolika, ya ɗauki koyarwar Furotesta da yawa.

Katolika ma ba su zauna haka nan ba. Sun yi babban taro a garin Trent daga 1545 zuwa 1563, suka gyara tarbiyyar limamai, suka tabbatar da aƙidunsu, a 1567 kuma aka hana karɓar kuɗi a kan takardar sassauci. Sai dai kafin ƙura ta lafa jini ya kwarara. A 1572 an kashe dubban 'yan Furotesta a Faris da wasu garuruwan Faransa. Daga 1618 zuwa 1648 aka yi yaƙin shekara 30 a tsakiyar Turai, miliyoyin mutane suka mutu, yawancinsu ba a fagen fama ba, yunwa da annoba ne suka ɗauke su bayan an ƙone gonaki. A ƙarshe dole aka zauna aka yarda kowa ya yi nasa, abin da da an yi tun farko da ba a rasa rayukan nan ba.

To yaya duk wannan ya iso ƙasar Hausa? Kowane ɓangare da ƙafarsa ya zo. Katolika ne suka fara gwadawa ta hamada: wasu limamai biyu da suka taso daga Tarabulus sun iso Katsina, suka rasu a can a 1711 ba tare da sun kafa komai ba. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 aka dawo da ƙarfi, ta kudu. A 1900 wata tawagar 'yan mishan na Angilika ƙarƙashin Bishop Tugwell ta iso Kano, Sarkin Kano Alu ya ce su bar garin cikin 'yan kwanaki. A cikinsu akwai Likita Mila, wanda ya zauna a birnin Zariya daga 1905, daga baya a 1929 aka mai da mishan ɗin Wusasa. Shi ne jigo a aikin fassara littafinsu zuwa Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932. Kin ga ra'ayin Luta ke nan na cewa kowa ya karanta da harshensa, ya biyo su har nan bayan shekara 400.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, gwamnatinsu ta yi wa sarakuna alkawarin ba za ta taɓa addini ba, don haka ta daɗe tana hana 'yan mishan shiga garuruwan Musulmi. Coci-cocin farko a Kano a Sabon Gari suka tsaya, na ma'aikata da 'yan kasuwar kudu da jirgin ƙasa ya kawo bayan 1911. A shekarun 1930 ne aka sassauta, aka bar su su yi aikin jinya. Wata ƙungiyar Furotesta mai suna SIM, wadda mutum uku suka faro a 1893, ta karɓi aikin kula da kutare a Yadakunya, ta buɗe asibitin ido a Kano a 1943, ta kuma kafa makarantar koyon littafinsu a Tofa, nan maƙwabtanmu. Coci-cocin da SIM ta kafa su ne suka haɗu a 1954 suka zama ECWA. Ta ɓangaren Katolika kuma, sistocin Saint Louis daga ƙasar Ayalan sun iso Kano a 1948 suka kama aikin makarantar 'yan mata. Masu ɗauke da sunan Luta kansa suna can Numan ta jihar Adamawa, inda mutanen Denmak suka sauka a 1913. Cikin Maguzawan ƙasar Kano da Katsina kuwa, da yawa sun musulunta, wasu kuma suka shiga ɗaya daga cikin waɗannan coci-coci. Shi ya sa kika ji Hausar matan nan ba gargada. Mai yiwuwa kakanninku a kasuwa ɗaya suka ci.

Saboda haka ga amsarki a dunƙule. Mai carbin nan 'yar gidan da ya zauna ƙarƙashin Fafaroma ce. Limaminsu shi ake kira fada, ba ya aure. Suna girmama Nana Maryam ƙwarai, suna neman ta yi musu addu'a, za ki ga hotuna da mutum-mutumi a cocinsu, littafinsu kuma ya ƙunshi littattafai 73. Ɗayar kuwa jikar gidan da ya fita a zamanin Luta ce. Ba su bin Fafaroma, fastonsu na aure, wa'azi da karatu ne ginshiƙin ibadarsu, littafinsu na da littattafai 66. A kan aƙidar Nikiya kuwa, wato matsayin da suka ba Almasihu, bakinsu ɗaya ne. Akwai kuma sababbin coci-coci masu kiɗa da addu'ar warkarwa, waɗanda suka taso a ƙarni na 20, su ma reshen Furotesta ne, amma wannan zance ne na wata rana.

Wata za ta ce, ni da nake cikin kulle, ina ruwana da abin da ya faru a Jamus? Uwargida, da ruwanki. Mu a Kano mun ga Oktoban 1991, mun ga Mayun 2004. Waɗanda suka fita titi a ranakun nan 'ya'yan wasu mata ne, waɗanda aka kashe ta kowane ɓangare su ma haka, kuma a ɗakunanmu aka zauna zaman makoki. Yaron da ya taso yana jin cewa duk Kirista abu ɗaya ne, duk baƙo ne, duk bakinsu ɗaya a kan komai, shi ne wanda idan wani a wata ƙasa ya yi abin ɓatanci, zai huce a kan mai shagon unguwarsu da bai san hawa ba bai san sauka ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Mu ma idan wani can ya yi ta'asa da sunan Musulunci aka haɗa mu duka aka yi mana kuɗin goro, ai zafi muke ji.

Sanin tarihin wani ba ya rage miki komai a imaninki. Iyayenmu da suka zauna a Habasha sun ga cocin mutanen, sun san abin da ke ciki, sun zauna lafiya a ƙarƙashin amanarsu, suka dawo da addininsu cikakke. Ki koya wa ɗanki aƙidarsa da kyau, ki kuma koya masa haƙƙin maƙwabci, ko wane ne shi. Idan ya zo miki da labarin da ya jiyo a majalisa ko ya gani a waya, ki tambaye shi wa ya faɗa, a ina, yaushe, kafin ki bar shi ya fita da shi ƙofar gida.

Ke kuma da kika aiko da tambaya, Allah ya ƙara wa surukarki lafiya, ya saka miki da alheri a kan jinyar da kika yi. Idan Allah ya sake haɗa ki da matan nan, ki gaishe su, ki tambayi 'yar ECWA ɗin labarin ƙungiyarsu ta Zumuntar Mata, za ki ji yadda su ma suke haɗa kai wajen duba marar lafiya da mai jego.

A nan za mu dakata. Mai tambaya ta aiko, ko ta ba yaro ya kawo, ƙofa a buɗe take. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya shirya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa idan mai duka ya kai mu.